Yadda Za a Hana Servlet Riƙe Bayanan Wani Baƙo Ya Miƙa wa Wani

Masu koyon rubuta manhajar sabar da Java sukan ɗauka cewa duk lokacin da buƙata ta zo daga burauza, komai yana farawa ne daga tushe. Ba haka Servlet, wato ajin Java da ke amsa buƙatun burauza a kan sabar, yake aiki ba. Sabar irin su Tomcat tana ƙirƙirar kwafi ɗaya tak na kowane Servlet, ta kira init (aikin shirya shi) sau ɗaya, sannan ta ci gaba da aiki da wannan kwafin har sai an kira destroy (aikin rufe shi). Abin da ake ba kowace buƙata shi ne zaren aiki (thread), wato layin aiki da ke tafiya a lokaci guda da wasu, kuma Tomcat a saitinsa na asali yana iya tafiyar da zare 200 a lokaci guda, dukkansu a kan kwafin nan ɗaya.

Saboda haka, gurbin ƙima (variable) da aka ayyana a jikin aji (class), a wajen doGet da doPost (ayyukan da ke amsa buƙata), na kowa ne. Idan ka rubuta private String suna, baƙo na farko ya shigo aka ajiye sunansa, kafin a gama haɗa masa shafi baƙo na biyu ya shigo ya maye gurbin da nasa, to na farko zai ga sunan mutumin da bai sani ba. Abin da ya sa matsalar take da haɗari shi ne ba ta bayyana lokacin da kake gwaji kai kaɗai a kwamfutarka, sai jama'a sun yi yawa a shafin.

Gyaran farko shi ne ka mayar da irin wannan gurbi cikin doGet ɗin kansa, domin kowane zare yana da nasa, kuma yana gushewa da ƙarewar aikin. Abin da za a miƙa wa shafin JSP (shafin da ke haɗa abin da baƙo zai gani) a saka shi da request.setAttribute, abin da ya kamata ya bi mutum daga shafi zuwa shafi a ajiye shi a HttpSession (ma'ajiyar da ke keɓe ga kowane baƙo), wanda kuma dole ya tsira ko an sake kunna sabar, wurinsa rumbun bayanai ne. A jikin aji, bar abin da ba ya canzawa bayan init kawai, kamar DataSource, mai samar da haɗi da rumbun bayanai. Idan ƙidayar baƙi kake so, yi amfani da AtomicInteger, wanda ke yin ƙarin a mataki ɗaya da ba a katsewa, domin adadi++ karantawa ce da ƙarawa da rubutawa, kuma zare biyu na iya karo a tsakaninsu.

Kada ka nemi mafita a SingleThreadModel, tsohuwar hanyar da ke hana zare biyu aiki a kwafi ɗaya a lokaci guda, an daina ba da shawarar amfani da shi tun Servlet 2.4. Sannan ka binciki tsarin da kake aiki da shi tun kafin ka fara rubutu: Spring yana yin kwafi ɗaya na kowane kwantarola (ajin da ke karɓar buƙata) a saitinsa na asali, alhali Rails da Struts 2 suna ƙirƙirar sabo ga kowace buƙata, shi ya sa wanda ya saba da su yake saurin faɗawa wannan kuskure idan ya koma Servlet ko Spring.