Yadda za mu tsara jan ruwa da zubar da ƙazanta a bakin Gongola tun kafin bazara ta kama mu

Jama'a assalamu alaikum. Wannan na rubuta shi ne saboda masu noman rani da masu injin shinkafa da mahauta da duk wanda abincinsa ke bakin kogin Gongola, musamman mu da muke ƙasa da dam ɗin Dadin Kowa. Na riƙe littafin ƙungiyar manoman rani ta wajenmu na wasu shekaru, kuma duk shekara da Maris ya shigo rigimar iri ɗaya ce, na sama ya sha ya ƙoshi na ƙasa yana kallon albasarsa tana kwanciya.

Akwai ranar da har yanzu take mini ciwo. Wani dattijo da gonarsa take can ƙarshen magudanar da muke ja, na same shi tsaye da mesa a hannu, injin yana ta tari yana zuƙo laka, ganyen albasar duk bakinsa ya ƙone. Ya dube ni ya ce, Malam sakatare, ni ba ɗan ƙungiya ba ne? Na ce Baba ka yi haƙuri za mu zauna, amma wallahi a raina na san ko mun zauna ba abin da za mu yanke, don babu mutum ɗaya a cikinmu da ya san ruwa nawa yake ja. Kowa rantsuwa yake shi kaɗan yake ɗiba. Toh ta yaya za ka raba abin da ba ka auna ba?

Kafin awo dai a fara sanin kogin ba namu mu kaɗai ba ne. Gongola daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratso Bauchi, ya bi ta Nafada ya zo Dadin Kowa, daga nan ya gangara Adamawa ya shiga dam ɗin Kiri wanda ake shayar da raken kamfanin sukari da shi, sannan ya faɗa Binuwai a Numan. Wannan ruwan na Dadin Kowa shi ake tacewa a tura cikin garin Gombe a sha, kuma shi ke juya injin lantarki mai megawat 40. Saboda ya ratsa jiha fiye da ɗaya, dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta sa ikonsa a hannun gwamnatin tarayya. Amma dokar nan ba ta hana talaka ba, a cikinta an yarda ka ɗebi na sha da na aikin gida kyauta, ka shayar da dabbobinka, ka kama kifi, kuma in gonarka tana bakin ruwa kana da haƙƙin mallakarta za ka iya ban ruwan gonarka ta kanka. Wanda zai ja da yawa don kasuwanci, babban gona ko masana'anta ko mai tare ruwa ya juya shi, shi ne sai da lasisi, kuma NIWRMC, hukumar tarayya mai tsara amfani da albarkatun ruwa, ita ke da wannan aikin. Dam ɗin Dadin Kowa da manyan magudanansa kuma suna ƙarƙashin hukumar raya kogin Binuwai ta sama mai hedikwata a Yola. Ku riƙe wannan, don ranar da wani babba zai zo ya kafa manyan injina a samanku, tambaya ta farko cikin ladabi ita ce, ranka ya daɗe ina takardar izini, kuma nawa aka yarda ka ja?

Yanzu awo. Ba ya buƙatar injiniya, duro ɗaya mai lita 200 da agogon waya sun isa. Ka tada injinka yadda ka saba, a daidai inda yake zama da tsawon tiyon da kake aiki da shi, kar ka auna a bakin ruwa don can ya fi ƙarfi, ka je inda ruwan ke fita a gona. Sa bakin tiyon a duro ka danna agogo. A ce ya cika a sakan 20, kenan lita 10 a kowane sakan, a awa ɗaya lita 36,000, in ka bar shi awa 8 ka ja lita 288,000. In ku 30 ne a layi ɗaya kowa ya yi haka rana guda, kun kwashe sama da lita miliyan 8 da rabi. A yi awon sau uku a ɗauki na tsakiya, kuma a yi shi gaban shaidu, ɗaya daga na sama ɗaya daga na ƙasa, a rubuta sunan mai inji da girman gonarsa da abin da ya shuka. Ranar da muka fara yin wannan a wajenmu mutane shiru suka yi, akwai wanda ya ce a sake don bai yarda ba, aka sake, ya kama baki.

Sai a haɗa da abin da gonar take buƙata. Ruwa mai zurfin milimita 1 a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne, kuma a tsananin zafin Maris da Afrilu abin da rana da shuka ke shanyewa a yini yana kai milimita 6 zuwa 8, wato lita 60,000 zuwa 80,000 a hekta. Ka ƙara wani abu saboda wanda ke tsiyaya a hanya. Duk da haka za ka ga mai rabin hekta da ke barin inji tun safe har la'asar kullum ba shuka yake shayarwa ba, takinsa yake wankewa yana ƙona fetur a banza, kuma albasa da tattasai ma ba sa son jiƙa haka, saiwa ruɓewa take.

Abu na gaba sandar awo. A samu ƙarfe ko katako mai ƙwari a kafa shi da siminti a wurin da ruwa ke shigowa magudanarku, wurin da ba ya zaizayewa, a yi masa zane duk santimita 10, a shafa fenti kala uku, kore a sama, ruwan ɗorawa a tsakiya, ja a ƙasa. Inda mutane ke kuskure shi ne wajen sa jan, suna sa shi da ka. A'a, a tura mutum ya tsaya a gonar ƙarshe da waya, ranar da ruwa ya fara gaza isa wajensa, inda ruwan yake a jikin sanda nan ne farkon ja. Mutumin ƙarshe shi ne ma'aunin. In ruwa na kore kowa ya ja yadda aka saba, in ya sauka ɗorawa a koma kwana-kwana, wato kowa da ranar jansa, in ya taɓa ja a rage awoyin kowa daidai da girman gonarsa kuma ba sabon shuka. Wani yaro mai natsuwa ya riƙa karanta sandar safe da yamma yana turawa a guruf ɗin WhatsApp da hoto, a riƙa ba shi na kati. Kuma shugabanni su nemi lambar ma'aikatan dam, don ruwan da ke zuwa mana ya danganta da abin da aka sako daga can, in za a rage ko za a ƙara gara ku ji da wuri ku janye injina.

Maganar kwana-kwana, ra'ayina a fara daga ƙasa a hauro sama. Na san na sama ba sa son jin wannan, amma su ko yaushe aka buɗe ruwa a ƙofarsu yake, na ƙasa kuwa sai magudana ta jiƙa ta cika kafin ya gan shi. A bar mashayar dabbobi a fili kar a shuke burtali, a kira Ardo da Sarkin ruwa zaman tun farko ba sai an yi ɓarna ba, kuma kar a tsane magudana ƙaf ko da kwanan waye, masunta da mata masu wanki su ma da haƙƙinsu.

Masu shinkafa ku ne kuka fi kowa shan ruwa, kuma akwai dabara mai sauƙi. Yanki bututun roba mai faɗi tsawon santimita 30, ka huda rabinsa ƙanana-ƙanana, ka binne rabin mai hujin a fangali ka kwashe lakar ciki. Bayan sati biyu da dashe ka daina riƙe ruwa kullum, ka bari ya janye har sai ka leƙa bututun ka ga ya kai gindi, wato santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, sannan ka sake cikawa kamar santimita 5. Saman zai yi kamar ya bushe amma saiwa tana cikin danshi. Lokacin da za ta yi fure kawai, sati ɗaya kafin da sati ɗaya bayan, nan kar ka yi wasa, ka riƙe mata ruwa.

Toh sai ɓangaren da aka fi kau da kai, abin da muke mayarwa cikin kogin. Ruwan jiƙon shinkafa na masu gumi, jini da kashin tumbi daga mahauta, baƙin mai daga wajen wankin mota, motar kwasar masai da ke zuwa da dare ta juye a kwari. Mutane na cewa ai ruwa mai gudu ba ya ƙazanta, amma a rani gudun nawa ne? Irin wannan ƙazantar in ta shiga ruwa tana ruɓewa, ruɓewar ke cinye iskar da kifi ke shaƙa. Na taɓa wucewa da sassafe ƙasa da inda wani injin shinkafa ke sakin ruwansa, ƙananan karfasa sun taso sama suna buɗe baki, wasu sun juya ciki fari, ga wari kamar tsamin da ya kwana uku, kuma taku kaɗan gaba yara ne ke cika jarka. Daga irin nan amai da gudawa ke shigowa gari.

Gyaran yana farawa tun kafin ruwan ya fita. A mahauta a tari jini daban a mazubi, kashin tumbi a kwashe shi da shebur a tara ya zama taki, kar a kora shi da ruwa. A bakin lambatu a sa raga ta tare tarkace, bayanta a gina ƙaramin tanki mai ɗaki biyu inda kitse da mai za su taso sama a kwashe, laka ta kwanta ƙasa. Daga nan ruwan ya bi kududdufai uku a jere, na farko mai zurfi kamar mita 3 inda mai nauyin ke kwanciya ya ruɓe, na biyu mai faɗi kamar mita ɗaya da rabi, na uku kamar mita 1 inda rana ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma rana kam Allah Ya ba mu. Sirrin duka shi ne ruwan ya daɗe a ciki, makonni ba kwana biyu ba. Lissafin ma da duro ne, in kana zubar da duro 10 a yini lita 2,000 kenan, in kana so ya yi kwana 20 kana buƙatar wurin lita 40,000, kamar rami mai tsawon mita 8 faɗin mita 5 zurfin mita 1. A daɓe ƙasan da yumɓu sosai ko a shimfiɗa leda mai kauri, a nisanta da rijiya aƙalla mita 30, kar a haƙa inda ambaliya ke kaiwa, kuma dan Allah a kewaye da waya saboda yara. Kafin a zuba kuɗi a kira ma'aikatan GOSEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Gombe, ko wani injiniyan ruwa ya duba wurin, in kuma aikin babba ne dokar 1992 ta ce sai an yi binciken illarsa ga muhalli kafin a fara, NESREA kuma, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ita ke bin ingancin abin da masana'antu ke saki.

Amma a sani kududdufi ba ya cire sinadari. Baƙin mai a tara shi a jarka, ruwan rini na zamani da na jima kar a haɗa su da sauran. Mu manoma ma muna da namu laifin, wanke goyon feshi a bakin ruwa. Robar magani a ɗauraye ta sau uku a juye a cikin goyon a fesa a gona, a huda robar don kar wani ya zuba man gyaɗa ko ruwan sha a ciki.

Duk abin da aka yanke a rubuta, a kai gaban Hakimi ko Dagaci ya sa hannu tare da Sarkin noma da Sarkin pawa da Ardo, a faɗi tarar wanda ya ja ruwa ba kwanansa ba da inda kuɗin zai tafi, mu a wajenmu yashe magudana muke yi da shi. Tarar ta fara kan shugabanni in sun karya, in ba haka ba ba wanda zai biya. In ƙorafi za ku kai hukuma ku tafi da hoto mai kwanan wata da littafin sandar awo da ruwan a kwalba mai tsabta, ku karɓi shaidar an karɓi takardarku. Kuma zaman nan a yi shi da kaka, kafin kowa ya zuba iri a gadon reno, don mutumin da ya riga ya ci bashin taki ya dasa hekta biyu ba za ka ce masa ya rage a watan Afrilu ya ji ka ba.