Yadda ake bin asalin kalmar Turanci: mu gwada da "outward"

Ɗalibi ya ci karo da outward a littafi, ya buɗe ƙamus ya ga "waje", ya rufe ya wuce. Washegari ya sake gamuwa da ita a wata jimlar, fassarar ta ƙi zama. Maganin wannan shi ne sanin tushen kalmar, ga kuma yadda ake yi.

Fara da raba ta gida biyu. Out shi ne waje, ward kuma ɗafi ne mai nuna inda aka dosa. Idan ka haɗa su, ka sami abin da ya fuskanci waje. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci ƙasar a 1066, ana rubuta ta ūtweard.

Daga nan sai ka bi kowane rabi shi kaɗai. Mutanen wancan zamani "uut" suke cewa, da dogon wasali. Tsakanin wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci suka sauya, "uut" ta koma "aut", kamar yadda "huus" ta koma "haus", wato gida. Har yau a Sikotland akwai masu furta su irin na da. Jamusawa na cewa aus, mutanen Holan na cewa uit, duk uwa ɗaya uba ɗaya.

Rabi na biyu ya fi daɗin bincike. Tushen ward yana nufin juyawa, kuma ɗan'uwa ne ga vertere ta Latin, wadda ita ma juyawa take nufi. Da zarar ka riƙe wannan, dangi guda sun shigo hannunka kyauta: inward, forward, backward, homeward. Har awkward tana cikinsu, domin awk ta fito ne daga harshen tsofaffin mutanen Sikandinebiya da ma'anar abin da aka juya baibai. Amma a yi hattara a nan. Ward ɗin da muke ji lokacin zaɓe, wato mazaɓa, da na ɗakin kwantar da marasa lafiya a asibiti, tushensu daban ne, daga tsaro da gadi suka fito. Kama da wane ba ta wane, kuma a nan ne na ga masu koyo sun fi zamewa.

Sai ka koma jimlar da ke gabanka ka tambayi kanka: wane wajen ake nufi? In ƙofa ce, to ta waje take buɗewa. In tafiya ce, outward journey ita ce tafiyar zuwa, banda dawowa. Matuƙan jiragen ruwa kan kira jirgin da ya bar tashar gida outward bound, kuma wannan suna Kurt Hahn da Lawrence Holt suka ba makarantar horar da matasa da suka kafa a gaɓar tekun Wales a 1941.

Ma'ana ta uku ce ta fi muhimmanci a ganina. Idan aka ce mutum yana da outward calm, ba batun fita ake yi ba. Natsuwar fuska ce, alhali Allah kaɗai ya san abin da ke cikin zuciya. A nan "waje" ba ta isa ba, kalmar da ta dace ita ce zahiri, kishiyar baɗini. Mai fassarar da ya gane haka ya huta.

Na ƙarshe, duba ko akwai s a wutsiyarta. Outwards ba jam'i ba ce, harafin ragowar tsohon nahawu ne. Turawan Ingila sun fi sa shi idan kalmar tana bayyana aiki, Amurkawa kuwa sukan bar shi. Gaban suna dai, kowa outward yake rubutawa.