Yadda Ake Amfani da Agogon Hannu Wajen Rage Ƙiba Kafin Tiyatar Sauya Gwiwa

Idan likitan ƙashi ya ce sai ka rage nauyi kafin ya sa maka ranar tiyatar sauya gwiwa ko ƙugu, yana da hujja, domin wajen da aka yanka ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta a jikin mai ƙiba sosai, kuma a Amurka likitoci da dama sukan jinkirta aikin idan ma'aunin BMI, wanda ke kwatanta nauyin mutum da tsayinsa, ya kai 40. Sai dai sikeli ba ya bambance kitse da tsoka, alhali tsokar cinya ce za ta tashe ka daga gado bayan aiki. Wanda ya ƙuntata wa kansa da yunwa har cinyarsa ta zube ya rage nauyi kam, amma ya yi gyaran gangar auzinawa.

A nan agogo irin Galaxy Watch4, wanda Samsung ya fitar a 2021, yake da amfani. Yana tura wani ɗan lantarki da ba a jin sa ta cikin jiki, kuma da yake tsoka cike take da ruwa, kitse kuwa ruwansa kaɗan ne, sai ya ƙiyasta yawan kowanne daga yadda lantarkin ya ratsa. Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya da mace mai juna biyu kada su gwada shi.

Ka riƙa yin awon da safe bayan ka yi fitsari, kafin karin kumallo da wanka. Ka matsar da agogon sama da ƙashin wuyan hannu, ka ɗora yatsan tsakiya da na zobe na ɗaya hannun a kan maɓallai biyun da ke gefen agogon, ka buɗe hammata yadda hannu ba zai taɓa jiki ba, sannan ka tsaya cik na kimanin daƙiƙa 15. Idan hunturu ya busar da fatar yatsu har awon ya ƙi, ɗan man shafawa yakan warware matsalar.

Kada sakamakon rana guda ya tayar maka da hankali, saboda duk abin da ya taɓa ruwan jiki, kamar azumi, gumi, ko maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, yana karkatar da shi. Ka auna sau uku a mako, ka rubuta, ka kwatanta wata da wata. Abin nema shi ne nauyi ya riƙa sauka da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, kitse yana raguwa, tsoka tana nan daram. Idan tsokar ce ke bin nauyin ƙasa, ka ƙara wake, kifi, ƙwai da awara, ragin ya koma kan tuwo da sukarin shayi, amma mai ciwon ƙoda ya fara tuntuɓar likita.

A ganina babban raunin agogon shi ne lantarkinsa daga hannu zuwa hannu yake bi, don haka hasashe kawai yake yi game da ƙafa. Ka sayi tef ɗin tela, ka riƙa auna kewayen ciki daidai cibiya da kewayen cinya a wuri guda kowane mako, ka tafi wa likita da takardar ranar da za ka koma asibiti.