Yadda za ki gyara loka da ɗakin yaronki ba tare da kin zubar masa da shekararsa ba

Iyaye mata masu 'ya'ya a sakandare, musamman 'yan makarantar kwana, da ku nake yau. Hutu in ya zo yaro zai dawo da akwatin ƙarfe da Gana-mas-go ya jibge su kan kayan da dama can a hargitse suke, safa wari-wari a ƙarƙashin gado, kofi da busasshen shayi a gindinsa, littafin aji biyu alhali yana aji huɗu, cajar waya har uku babu mai yi ko ɗaya. Ita ma macen haka, sai dai nata hijabai ne da ribbom da kwalaben turaren da suka ƙare tun bara.

Na farko dai, dan Allah kar ki bari sai ya fita ƙwallo ki shiga ki share komai ki ƙona. Na san ya fi sauri, amma yaron da ya kai shekara 14 ko 15 ya fara ganin ɗakinsa a matsayin sirrinsa, ranar da ya dawo ya tarar an zubar masa da abu to daga ranar zai fara ɓoye miki komai, kuma wallahi ɓoyon nan ya fi ƙazantar illa. Ki faɗa masa tun ana gobe, "Abba, gobe bayan karin kumallo ni da kai za mu hau ɗakin nan," shi ke nan, ba faɗa ba gori.

Da safe a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a fito da komai, komai fa, har abin da ke bayan wadirob. Ki fara da abinci. Ragowar garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, madarar da aka ɗaure bakinta da kyauro, duk wanda leda ta huje ko kika ga kashin ɓera a kusa da shi a zubar, kar a ce a'a ai za a tankaɗe. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma a lokacin rani ya fi yaɗuwa, daidai lokacin da yara ke komawa zango na biyu kenan. Sai katifa, ki ɗaga ɗinkin gefenta ki duba da kyau, in kin ga ɗigo-ɗigon baƙi to kuɗin cizo ne ya biyo shi daga hostel, a kai ta rana ta wuni ana juyawa, zanin gado da gidan sauro a jiƙa su da ruwa mai zafi sosai kafin wanki, akwatin ma a zuba masa ruwan zafi a lungunansa a kife ya bushe. Masu fesa piya-piya a rufe ɗaki yaro ya shiga ya kwana, ku daina, guba ce.

Sauran kaya kashi uku ne, na wanki, na bayarwa, na shara. Yunifom ɗin da ya ɗage masa akwai ɗan maƙwabta da zai yi murna da shi. Wannan ba ya ɗaukar lokaci in kin bar shi shi ya yanke hukunci ke kina miƙa masa.

Amma akwai kashi na huɗu, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Cikin tarkacen nan akwai abubuwan da labarin shekarar gaba ɗaya yake jikinsu. Ki ɗauki 2023 misali. Uwa ta buɗe littafin Ingilishi ta ga tsohuwar dubu ɗaya a ninke, kar ta ce sakaci ne kawai, ta tambaye shi. Ƙila abin da zai ce shi ne a watan Fabrairu mai shagon makaranta ya ƙi karɓa, lokacin da Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, wa'adin 31 ga Janairu aka ɗaga shi zuwa 10 ga Fabrairu, tsofaffin aka ce sun daina aiki sababbin kuma babu su, iyaye suna kwana a layin banki suna sayen kuɗi da kuɗi a wajen masu POS, ranar ziyara ta zo uwa ba ta da tsabar da za ta damƙa wa ɗanta. Yaran nan sun sha wannan wahalar a can cikin makaranta su kaɗai, da yawa ba wanda ya taɓa zama ya tambaye su ya suka yi. Af, kuma kar a yar da tsohuwar dubun nan, Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban shekarar cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki tare da sababbi.

Haka za ki ga hular kamfen ko fosta ta zaɓen 25 ga Fabrairu. Za ki ga takardar makaranta ta ƙarin kuɗin abinci bayan Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi ranar 29 ga Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Mutanen Katsina da Sakkwato da Jigawa kuwa, masu 'yan uwa a Maraɗi da Damagaram, ba za su manta 26 ga Yuli ba, ranar da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum, bayan nan aka rufe boda, wasu yaran hutun nan bai yiwu sun je wajen kakanninsu ba. Sannan ki lura da jaridar da suke shimfiɗawa a ƙasan loka don kar tsatsa ta ɓata musu kaya, kafin a duƙunƙune ta a duba kwanan wata da kanun labarin, shafin Aminiya guda ɗaya mai tabon manja nan da shekara ashirin ya fi hoton waya daraja, don wayar ma ƙila ta ɓace.

To ki samo kwalin takalmi, shi da hannunsa ya rubuta shekarar a jiki da maka. Ya zaɓi abu kamar biyar ko shida ya sa, kar ya wuce haka in ba haka ba kwalin ma zai koma wata sabuwar bola. Sai ya yago fallen takarda ɗaya ya rubuta nawa ne biro da burodi da kuɗin mota daga gida zuwa makaranta a farkon shekara, nawa suka koma a ƙarshenta, da manyan labarai uku da ya ji ana yi a hostel. Ki bar shi ya rubuta yadda ya fahimta ko da bai cika daidai ba, in ya gama kya gyara masa da baki. In labari mai nauyi ya ambata, irin harin jirgin soja na watan Disamban 2023 da ya faɗa kan masu Mauludi a ƙauyen Tudun Biri na jihar Kaduna, ki ajiye tsintsiyar ki saurare shi, yara suna jin tsoron abubuwan nan fiye da yadda suke nunawa.

Wani abu kuma mai muhimmanci. Kina iya cin karo da abin da ranki ba zai so ba, wasiƙar soyayya, ko Allah ya kiyaye kwalbar kodin ko fankon tiramadol. Wasiƙa dai kar ki karanta ta a gaban ƙannensa ana dariya. Ƙwaya kuwa ba maganar ihu a tsakar gida ba ce, ki yi shiru ki gama aikin, da dare ku zauna da babansa ku ukun, in abin ya yi nisa a nemi likita da wuri.

In hutu ya ƙare za a koma, ki nuna masa tsarin lokar tun a gida. Littattafai a sama, abinci a ƙasa cikin robobi masu murfi ba leda ba, sabulu da omo kuma a jakarsu daban can cikin akwati don garin kwaki yana jan ƙamshin sabulu, kwana kaɗan ya ƙi shawuwa yaro ya watsar da shi a lungu ɓeraye su samu. A rubuta sunansa a kan bokiti da kofi da wuyan yunifom. Kwaɗo a saya mai makulli uku, ɗaya a wuyansa, ɗaya wajen malamin gidansu ko metiron, ɗaya ya zauna a wajenki. Ki ce masa duk daren Juma'a kafin inspekshan na Asabar ya fito da kayan lokar ya goge ya mayar, minti goma ya isa, kuma ya shimfiɗa sabuwar jarida.