Yadda za ka haɗa sola a gidan da wutar NEPA ba ta zuwa

Kafin ka taka kasuwa, ɗauki biro da takarda ka zauna da iyalinka. Da yawa a nan suke tafka kuskure: sai sun sayo kaya sannan su fara lissafi.

Rubuta duk abin da za ku kunna da awannin da zai yi. Ka ninka wat ɗin kowane abu da awanninsa, shi ne wutar da yake sha a rana. Ƙwan fitila huɗu masu wat 10 na awa 5, 200 ke nan. Fanka mai wat 60 ta kwana awa 8 tana juyawa, 480. Talabijin mai wat 50 na awa 4, 200. Ka ƙara cajin wayoyi, kun doshi 1,000 a rana. Dutsen guga da hita kuwa, cire su tun yanzu, gawayi ya ishe su.

Sai batir, inda kuɗin yake. Mai bolt 12 da 200Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka ne) yana riƙe 2,400, wato 12 sau 200, amma batirin ruwa ba a shanye shi fiye da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Naka 1,200 ne, ya ishe ku. Fanel, wato farantin da ke karɓar hasken rana, mai wat 300 zai iya mayar da abin da kuka sha, tunda a Arewa ana samun kusan awa 5 na rana mai ƙarfi. Kada ka yarda a haɗa shi da batir kai tsaye ba kontirola a tsakani, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, ko da an ce maka ai sauƙi ne.

Fanel ya fuskanci kudu, a ɗan karkace, nesa da inuwar darbejiya. Da hunturu ƙura kan lulluɓe shi, sai a riƙa wanke shi da sassafe kafin ya yi zafi. Ruwan batir kuma tatacce ake zubawa, ban da na rijiya.

Mai haɗawa ya zama ɗan unguwarku, wanda za ka ƙwanƙwasa wa ƙofa ranar da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ta fara kuka. In kuɗi bai kai ba, ku shiga adashi. Firiza da famfon burtsatse sun fi ƙarfin gida ɗaya, don haka ku haɗa hannu da maƙwabta, ku rubuta wanda zai riƙe kuɗin gyara. A watan Agusta hadari kan rufe rana kwana biyu ko uku. Ku tsayar tun yanzu gidan wa za a kai wayoyi caji.