Yadda Kwamfutoci Biyu Za Su Yi Aiki da Firinta Ɗaya

Daina zare wayar USB kana kai ta wani tebur, yawan cirewa da sokawa kan sa bakinta ya saki.

Da farko ɗora kwamfutocin biyu a kan rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci. A wadda firintar ke jone da ita, shiga Settings na Windows 11, a ƙarƙashin Bluetooth & devices ka buɗe Printers & scanners, ka zaɓi firintar. Cikin Printer properties akwai Sharing. Danna Share this printer, ka ba ta gajeren suna marar tazara, kamar OFIS.

Koma ɗaya kwamfutar, ka buɗe Printers & scanners, ka danna Add device. In firintar ba ta fito ba, duba a Settings ko hanyar sadarwar tana kan Private, ba Public ba, domin nan aka fi tuntuɓe.

Buga shafin gwaji. Kada ka kashe kwamfutar farko, ta cikinta aikin ke bi.