Kurakuran da masu neman mastar kimiyyar kwamfuta suka fi yi kafin doktora

Ƙannena da kuka gama lisansi a nan Damagaram, ko a Jami'ar André Salifou, ko a Abdou Moumouni ta Yamai, ko kuka tsallaka Kano da Zariya, kuma kuke son bincike ya zama aikinku: mafi yawan tuntuɓen da nake gani tun kafin a shiga aji ake yin sa.

Mastar iri biyu ce. Akwai ta sana'a, mai shirya mutum don aikin kamfani ko ma'aikata, akwai ta bincike, mai kai mutum ƙofar doktora. A tsarin LMD (lisansi, mastar, doktora) shekara 2 ce bayan lisansi ta shekara 3, amma da yawa sai sun cinye shekarun suke gane ba wadda suke nema suka shiga ba. Kafin ka biya ko dala, tambayi makarantar: shin CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, ta amince da wannan digiri? Malaman suna da labo, wato ɗakin bincike? Ina waɗanda suka gama bara suke?

Sai raina lissafi. Yaro ya iya Python, ya haɗa manhajar waya, sai ya ɗauka ya isa. Iya rubuta manhaja alheri ne, amma mai bincike dole ya nuna dalilin da ya sa hanyarsa take aiki, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da aljabara, lissafin yiwuwa da ƙididdiga. Cibiyar kimiyyar lissafi ta AIMS, da aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda, kuma a kan lissafi ta gina karatunta. Ingilishi ma haka. Da Faransanci muka yi karatu, amma kusan duk sabbin maƙalun fannin nan da Ingilishi suke fitowa, yawancinsu kyauta a arXiv, shafin intanet inda masu bincike suke saka maƙalunsu. Ka riƙa karanta ɗaya duk mako, ko da ƙamus a gefe.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne zaɓen batu. Ɗalibi ya zo da take irin “basirar na'ura don bunƙasa noma a Nijar”. Niyya mai kyau ce, amma babu tambaya a ciki, kuma wanda ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa a hanya zai yar. Ga tambayar da za ta iya zama memwar, wato kundin binciken kammala mastar: manhajar da aka horar da Hausar jaridun Kano, yaya take yi idan aka ba ta saƙonnin ƴan kasuwar Dole, inda ake cewa lakwal da likita maimakon makaranta da asibiti, inda mu ke rubuta ƴ su kuma suna rubuta 'y, inda waya take haɗiye ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ? Wannan ana iya auna shi, kwamfutar cinya da Google Colab, dandalin gudanar da manhaja ta intanet, sun isa, kuma ɗalibin Faransa ba zai riga ka ba, don ba shi da kunnen da kake da shi. Masu aikin Masakhane da HausaNLP, ƙungiyoyin masu binciken koya wa na'ura harsunan Afirka, irin wannan suke yi, kuma ƙofarsu a buɗe take. Amma ka nemi izinin masu saƙonnin, ka goge sunaye da lambobi.

A wajen aunawa ma ana faɗuwa. Za ka ga ɗalibi ranar kare memwar yana nuna sakamako mai ban mamaki, da an tambaye shi sai a tarar da bayanan da ya horar da na'urar da su ya gwada ta. Tun ranar farko ka ware kason gwaji, kada ka taɓa shi sai ƙarshe. Ka kuma gwama aikinka da hanya mafi sauƙi da aka riga aka sani. In ba ka fi ta ba, ka rubuta haka. Sakamako ne shi ma.

Mu da muka san zafin Afrilu da ɗaukewar wuta, bai kamata aikin shekara ya zauna a kwamfuta ɗaya ba. Ka koyi Git, manhajar da ke adana sauye-sauyen aiki, ka tura aikinka shafin ajiya na GitHub duk lokacin da intanet ta samu.

Ka yi hattara da mujallun da ke aiko saƙo suna yabonka, suna alkawarin buga maƙala cikin kwanaki idan ka biya. Ba sa tace komai, kuma sunansu a takardunka zai rage maka daraja wurin masu tantancewa. Nuna wa malaminka kafin ka tura ko'ina.

Shi kansa malamin da zai jagorance ka a doktora, kada ka zaɓe shi don girman muƙami. Duba abin da ya wallafa a shekarun baya-bayan nan, ka tambayi ɗalibansa ko yana samun lokacinsu. In za ka rubuta masa, bar doguwar wasiƙar da ake aika wa mutum hamsin. Bayan gaisuwa, ambaci maƙalarsa ɗaya da ka karanta, faɗi abin da ka sake gwadawa da abin da ka samu, ka haɗa masa da adireshin aikinka. Idan mako biyu suka wuce bai amsa ba, sake tuntuɓarsa sau ɗaya cikin ladabi, sannan ka rubuta wa na gaba.